Silinda Ta Uku: Yadda Gejin Zafi Ke Rage Wa Direban Kombi Gaskiya

Dashbod ɗin Kombi ta Volkswagen ƙirar 1968 zuwa 1971 ba shi da yawan magana. Akwai agogon gudu, akwai gejin mai, sai 'yan fitilu, ja na caji, kore na matsin baƙin mai. Babu abin da ke nuna zafin inji ko kaɗan. Injin ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, kuma bel ɗaya ne ke juya dainamo da fankar da ke hura iskar. Idan fanbel ya tsinke, jar fitila za ta kama, direba ya sauka gefen titi. Iyakar gargaɗin da motar ke bayarwa ke nan. Bitil ma haka take, ita da aka fara haɗawa a masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas a 1975, kuma irin Kombin nan ce ta fara aikin danfo a birnin.

Har yau idan ka kai irin motar nan gareji za ka ji an ce, "Alhaji, ai wannan ba ta da lagireto, ina ruwanta da obahitin?" Tana yin obahitin sosai. Bambancinta da mai ruwa shi ne ba ta tururi, ba ta tafasa, ba ta ba ka alamar da za ka gani da ido. Sai dai ka ji ƙarfi ya ragu a kan tudu, daga nan a ji ƙara kamar an jefa kusa cikin inji.

Injin da ake magana a kai shi ne mai 1600, wato cc 1,584, silinda huɗu a kwance, biyu hagu biyu dama, yana bayan mota. Tof silinda ɗinsa, wato murfin da ke rufe kan silindoji, na alminiyom ne, kuma kujerun da bawul ke zama a kai zobba ne na ƙarfe da aka cusa cikin alminiyom ɗin da matsi. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Don haka duk lokacin da zafi ya wuce kima, ramin yana saki fiye da zoben da ke cikinsa. Yau ya saki kaɗan, gobe ya ƙara, wata rana kujerar ta faɗo. Ko kuma bawul ɗin hayaƙi ya yi ta miƙewa har kansa ya gutsure ya faɗa kan fistin. Ko tof ɗin ya tsage tsakanin ramin filogi da kujerar bawul. Alminiyom ɗin kansa yana rasa ƙarfi sosai da zarar ya daɗe a sama da digiri 200 a ma'aunin Salshiyos.

A wannan inji, ɓarnar ta fi faɗa wa silinda ta uku, wadda ke hagu ta wajen gaban mota. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa cire rufin fanka. Kafin 1971, na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne a cikin rufin, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa silindojin hagu. Iskar da za ta isa ta uku sai ta fara ɗaukar zafin mai, ga shi kuma an tare mata hanya. Kamfanin ya san da matsalar, shi ya sa a distirbuto na wancan zamani aka jinkirta wutar silinda ta uku da kusan digiri 3 na juyin inji don ta ɗan huce. A 1971 aka fitar da na'urar sanyaya man zuwa wani ɗan ɗaki nata a jikin rufin, iskar da ta ratsa ta kuma ta fice waje. Abin ya yi sauƙi, amma masu Kombi ba su daina sa ido a kan ta ukun ba. Injin da aka yi don Bitil mai nauyin da bai kai tan ɗaya ba shi ne ke tura akwatin da idan an cika shi yana haura tan biyu, da ƙarfin doki wajen 50, kuma gaban motar a miƙe yake yana karo da iska. Direban Kombi a babbar hanya kusan kullum ƙafarsa na ƙasa a kan totur.

Abin da masu motar suka fara yi shi ne sa gejin zafin baƙin mai. Yana da amfani, amma ba shi ne amsar ba. Man injin lita biyu da rabi ne, yana ɗaukar mintoci da dama kafin ya hau ko ya sauka, kuma ya fi bin yawan juyawar inji. Tof silinda kuwa nauyin aiki yake bi, kuma cikin daƙiƙu yake amsawa. Mota za ta iya kama tudu mai tsawo a giya ta huɗu, tof ya haura digiri 230, gejin mai yana zaune lafiya a 95. Kafin man ya kawo labari, an gama ɓarnar.

Sai aka koma ga gejin da ke auna ƙarfen tof ɗin kai tsaye. Ba sabon abu ba ne. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin sun daɗe da shi, kuma a Amurka kamfanin Chevrolet ya sa shi tun daga masana'anta a Corvair Monza Spyder ta 1962, wadda ita ma iska ke sanyaya injinta. Wanda ya fi yaɗuwa a hannun masu Volkswagen shi ne mai allura na kamfanin VDO, da irinsa na Westach da ya fito daga harkar jirage: geji zagayayye a dashbod, doguwar waya, sai zobe mai faɗin milimita 14 da ake sawa a ƙarƙashin filogi.

A nan ne lamarin ya ɗauki wani salo, domin mutane da yawa sun sa gejin, allura ta nuna musu lafiya lau, kuma suka rasa inji.

Yadda zoben ke auna zafi

Abin da ke jikin zoben ana kiransa tamokofil. Wayoyi biyu ne na ƙarafa daban-daban da aka haɗe bakinsu wuri ɗaya. Wani Bajamushe, Thomas Johann Seebeck, ya gano a 1821 cewa idan mahaɗar irin waɗannan wayoyi ta fi ɗaya ƙarshen nasu zafi, 'yar wutar lantarki na fitowa. 'Yar kaɗan ce ƙwarai. Nau'in K, mai wayoyin kromel da alumel, yana ba da wajen maikrobolt 41 a kan kowane digiri. Nau'in J, mai baƙin ƙarfe da konstantan, yana ba da hamsin da 'yan kai. Tsohon geji mai allura ba ya buƙatar batir don ya yi awo, wannan 'yar wutar ce da kanta ke motsa allurar.

Abin lura shi ne tamokofil bai san zafin tof silinda ba. Abin da ya sani shi ne tazarar da ke tsakanin zafin bakinsa biyu: mahaɗar zafi da ke ƙarƙashin filogi, da mahaɗar sanyi, wato wurin da wayoyinsa na musamman suka ƙare aka jona su da wayar tagulla. Kamar mai awon hatsi ne da ya ɗauka nauyin buhu kullum ɗaya ne yana cirewa, alhali yau an kawo masa buhu mai kauri. Masu ƙera geji mara gyaran kai sukan ɗauka mahaɗar sanyi tana zaune a wajen digiri 21 zuwa 24, wato 70 zuwa 75 a Farenhait, su zana lambobin fuskar gejin a kan haka. Duk digirin da mahaɗar ta ƙaru a kan wannan, allura za ta rage kusan digiri ɗaya daga gaskiya. Duk digirin da ta ragu, allura za ta ƙara.

A yi lissafin da nau'in J. Idan tof yana kan digiri 200, teburin da ke nuna wutar da tamokofil ke bayarwa a kowane zafi ya ba shi milibolt 10.78. Mahaɗar sanyi a digiri 24 tana cire 1.23, saura 9.55, kuma nan ne aka rubuta 200 a fuskar gejin. To a ce mahaɗar tana cikin ɗakin inji, inda zafi ya kai digiri 60. Yanzu abin da za a cire 3.12 ne, saura 7.66. Allura za ta tsaya a wajen 166. Tof na kan 200, direba na ganin 166, yana ƙara taka totur da kwanciyar hankali. Kuma a yawancin irin waɗannan kaya, wayar tamokofil ɗin gajera ce, ba ta fita daga ɗakin inji, don haka mahaɗar sanyi tana zaune ne a wurin da ya fi ko'ina zafi a motar in ban da injin kansa.

Abin da ya fi ba ni haushi da wannan kuskure shi ne alkiblarsa. Da a ce gejin yana ƙara zafi ne lokacin da ake cikin haɗari, da sai a ce ya cika tsoro, a yi haƙuri da shi. Amma yana ragewa ne daidai lokacin da ake buƙatar gaskiyarsa: rana ta take, mota ta ɗauki kaya, ɗakin inji ya gasu. Da asubar hunturu a Jos, mahaɗar na wajen digiri 12, gejin zai ɗaga wa direba hankali a banza. Da azahar ɗin Afrilu a Kano ko Sakkwato, iskar waje kaɗai ta kai 40, tun kafin a sa zafin ɗakin inji an riga an ci wajen digiri 16 zuwa 19.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan geji yana da mafita biyu. Ko ya ja wayar tamokofil ta ainihi, mai nau'i ɗaya da zoben, har zuwa bayan dashbod, don mahaɗar sanyi ta koma inda zafi bai cika sauyawa ba, ko ya riƙa yin ƙari da ragi a ka. Ta farkon tana da nata ƙalubalen, domin geji mara batir an daidaita shi ne da tsawon waya takamaimai, kuma Kombi doguwa ce, inji na baya geji na gaba, tazarar ta haura mita huɗu idan aka bi lungunan da waya ke bi. Ta biyun kuwa, ban ga direban da zai riƙa lissafi a kan tudu da fasinja goma a bayansa ba.

Abin da za a duba kafin a saya

Geji mai gyara kansa yana da ƙaramin ma'aunin zafi a ciki, daidai inda wayoyin tamokofil suka shigo. Yana auna zafin mahaɗar sanyi ya mayar da abin da aka cire. Irin na Dakota Digital da masu Kombi da yawa a Amurka suka koma wa haka yake aiki, haka ma na'urorin da ke cikin ƙananan jirage na zamani, har da wasu masu araha da ake sayarwa don babura. A ganina wannan ce tambaya ta farko da za a yi wa mai sayarwa, kafin kuɗi, kafin kyan fuska: yana gyara mahaɗar sanyi ko ba ya yi? Idan takardar kayan ba ta ambaci haka ba, a ɗauka ba ya yi. Ko mai gyaran ma, sharaɗinsa wayar tamokofil ta zo har jikinsa. Idan riwaya ya yanke ta a tsakiya ya ƙara da wayar tagulla don ta isa, ya ƙirƙiro sabuwar mahaɗar sanyi a inda gejin ba ya gani, an koma gidan jiya. A kuma kula da juya wayoyin biyu, domin idan aka sauya su allura baya za ta yi yayin da inji ke zafi.

Tambaya ta biyu ita ce nau'i. Zoben K da gejin J suna shiga juna lafiya, babu abin da zai hana a jona su. Amma K a digiri 200 milibolt 8.14 yake bayarwa a tebur, kuma bayan an cire na mahaɗar sanyi a digiri 24, gejin J zai nuna wajen 157. Fiye da digiri arba'in sun ɓace, kuma a nan ma ta ɓangaren da ke kwantar da hankali. Wannan na faruwa idan zobe ya lalace aka sayo wani a kasuwa don kawai faɗinsa ya yi daidai da filogi.

Sauran ƙanana ne. Fuskar gejin ta kai aƙalla digiri 300. Idan lambobinsa na Farenhait ne, a riƙe uku a ka: 350 shi ne 177, 400 shi ne 204, 450 shi ne 232. Mai ƙararrawa ko fitilar gargaɗi ya fi, tunda idon direba na kan titi. Wanda ke da hali ya sayi mai karanta silinda huɗu, don shi ne zai nuna idan ɓangare ɗaya na shan iska ta roba ko gasket ɗin manifol. Wanda ba shi da hali, zobe ɗaya a ta uku.

Kafin a ɗaura, a gwada. A tafasa ruwa a tsoma zoben. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a Kano wajen 98, a Jos da ke sama da mita 1,200 wajen 96. Gwajin ba ya tabbatar da gejin a 200, amma yana kama wanda aka haɗa da zoben da ba nasa ba. Bindigar auna zafi ta infared ba ta maye gurbin wannan. Alminiyom mai sheƙi yana ruɗa ta ta karanta ƙasa, kuma kafin ka tsaya ka zagaya ka buɗe ɗakin inji, fanka ta riga ta sauke zafin da kake nema.

Ɗaurawar ma tana da nata wayo. Ramin filogi a tof ɗin Volkswagen matsattse ne, kuma wuyan zoben yakan murɗe ya bi filogi yayin ɗaurewa, ya lanƙwashe ko ya hana filogin zama daidai. Idan bai zauna ba, wuta na tsiyayowa ta gefe ta dafa zoben, sai gejin ya haura sama ba gaira ba dalili, zaren filogin ma ya lalace. Shi ya sa masu haɗa inji ke ɗan sassaƙe gefen ramin su yi wa wuyan gurbi, aikin da ya fi kyau a yi shi lokacin da tof ke ƙasa. Wasu don gudun wahala sukan ɗaura zoben a kan wani noti ko a jikin haƙarƙarin sanyaya tof. Zai nuna lamba, amma ƙasa da ta ƙarƙashin filogi, domin wurin na samun iska kai tsaye. Duk alƙaluman da masu Volkswagen ke ambata na ƙarƙashin filogi ne, ba a gwama su da na wani wuri.

To, nawa ne lafiya? Abin da masu haɗa waɗannan injuna suka fi tafiya a kai shi ne Bitil a tafiyar yau da kullum tana zama tsakanin 150 da 175, Kombi a babbar hanya tsakanin 175 da 200, kuma idan an doshi 220 lokacin ɗaga ƙafa ya yi. A injunan jirage, kamfanin Lycoming ya sa jan layi, wato iyakar da ba a wucewa, a 260 ga yawancin injunansa, kamfanin Continental a 238, amma Lycoming ɗin da kansa ya ba da shawarar a zauna ƙasa da 205 a tafiyar tattali don inji ya daɗe. Jan layin jirgi ba na Kombi ba ne. Tof ɗin jirgi an yi shi da haƙarƙari masu yawa, kuma ana duba shi a ƙa'ide.

Amfanin gejin na gaskiya yana fitowa ne bayan direba ya san halin motarsa. A hanya ɗaya, gudu ɗaya, kaya kusan ɗaya, allura na da inda ta saba tsayawa. Ranar da ta ƙara digiri 15 ko 20 a kan wannan ba tare da dalili ba, wani abu ya sauya. Mafi yawa ɗaya ne daga cikin 'yan abubuwan nan: taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa, wanda a irin injin nan ba a so ya wuce digiri 30 zuwa 32 na juyin inji idan injin na juyawa da sauri; kafireto na ba da mai kaɗan iska da yawa; fanbel ya saki; tsumma ko leda ta shige fanka; ko kuma an cire wani daga cikin faranten da ke kewaye da inji. Na ƙarshen nan ya zama ruwan dare a garejojinmu. Yaro ya sauke inji, ya ga faranti da robar da ke zagaye ɗakin inji sun tsufa, ya jefar a kan cewa ado ne. Su ne ke raba iskar sama mai sanyi da iskar ƙasa da ta riga ta ratsa inji da salansa. In babu su, fanka na sake zuƙar iskar da ta fitar.

Gejin yana kuma gyara tuƙi. Direban da bai da shi yakan ji tausayin inji ya bar shi a giya ta huɗu a kan tudu don kada ya yi ihu. Mai geji yana gani da idonsa cewa idan ya sauko ta uku, juyi ya ƙaru, fanka ta ƙara iska, nauyin kowace bugawa ya ragu, allura ta fara sauka cikin ƙasa da minti ɗaya.

Motoci masu ruwa ma sun zo ga wannan tunani ta wata hanya. Gejin da ke dashbod ɗinsu zafin ruwa yake aunawa, kuma idan tiyo ya fashe ruwan ya zube, ma'aunin na iya zama a cikin iska yana nuna lafiya yayin da tof ke gasuwa. Ford ya sa ma'auni a cikin ƙarfen tof kai tsaye a injuna irin V8 na F-150 daga 1997. Idan zafi ya wuce kima, kwamfutar motar tana yanke mai ga rabin silindoji bi da bi su riƙa hura iska kawai, ta kuma ajiye lambar matsala P1299. Ma'aunin nasu tamista ne, wanda juriyarsa ga wuta ke sauyawa da zafi, don haka ba shi da matsalar mahaɗar sanyi. Zoben ƙarƙashin filogi ma ana iya sa shi a mota mai ruwa, sai dai lambobinsa za su yi ƙasa sosai da na Kombi, kuma ba a ɗauko iyakokin wannan a ɗora wa waccan.

A Kombi, akwai shaida ta biyu da ke tabbatar da gejin ko ta ƙaryata shi, wato tazarar bawul. Ana saita ta a milimita 0.15 da inji a sanyaye. Idan a kowane sabis bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ne ake samu ya matse, sauran suna nan yadda aka bar su, to ko dai bawul ɗin na miƙewa ko kujerarsa na nutsewa cikin alminiyom. Tof ɗin na shan zafin da ya fi ƙarfinsa, ko da allura ba ta taɓa wuce 170 ba. A irin wannan hali a fara bin wayar gejin daga filogi a ga inda ta koma tagulla, sannan a sauke tof a duba kujerar kafin a sake hawa doguwar hanya.